Ruwan lagireto na raguwa kullum, zan iya gyarawa da kaina a gida?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana harkar mota a taimaka min da shawara. Motata ƙarama ce mai silinda huɗu, ƙirar 2008, giya otomatik, ta haura kilomita 200,000 amma injin lafiya lau yake, baya shan baƙin mai baya hayaƙi. Matsalar ita ce kwanan nan ruwan lagireto yake ta raguwa, in na cika da safe nayi 'yar zirga-zirga ta yini, washegari in na buɗe murfi sai naga ya sauka, ba wai ya ƙare gaba ɗaya ba amma dai sai na ƙara. Abin da ya ɗaure min kai shi ne in na leƙa ƙarƙashin motar bana ganin wani ruwa na a zo a gani, wani lokacin dai ɗan ɗigo ta gaba, wani lokacin ƙasa a bushe ƙarau. Sannan in na kashe mota na fito ina jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi ta wajen bonet. Gejin zafin inji kuma yana tsakiya inda ya saba, sai in na shiga cunkoso ya ɗan ɗaga kaɗan, da na samu hanya na taka sai ya dawo. Ita kuma 'yar jarkar roba ta gefe ruwanta yana nan baya motsi, shi yasa da farko ma ban lura ba.

Ina da sifanu da filaya da sukudireba, ni nake canja baƙin mai da fulogi da kaina, toh shine nake tambaya wannan aikin na gida ne ko kuwa dole sai gareji? Wani yace min in sayi maganin toshe yoyo in zuba shikenan, wani kuma yace tof gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji, shi ne ya fara tafiya, wlh wannan maganar ta tayar min da hankali. Ta ina zan fara?

Oga Sifana:

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Kwantar da hankalinka, yadda ka kwatanta bai yi kama da gasket ba, ya fi kama da ƙaramin yoyo na waje wanda baya buɗewa sai inji yayi zafi firesha ta taru, ruwan yana fitowa yana sauka a kan ƙarfe mai zafi yana ƙonewa, shine ƙamshin da kake ji kuma shine dalilin da baka ganinsa a ƙasa. Amma kar ka sayi komai tukuna, ko hos, wato tiyon ruwa, ko magani ko lagireto, sai kaga inda ruwan yake fita da idonka. Yawancin asarar da mutane suke yi a wannan matsalar ta canje-canjen kaya ce a kan zato.

Kafin komai, kar ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji da zafi. Ruwan ciki ya wuce digiri 100 firesha ce kawai ta danne shi, kana murɗa murfin zai taso maka a fuska da hannu, na ga ƙunar da wannan abu yayi wa mutane kuma ba ƙarama bace. Ka bari sai ka iya riƙe hos ɗin sama da hannu ka matsa shi kaji yayi laushi. Sannan fankar lantarki tana iya tashi da kanta, a wasu motocin ko an kashe inji, ka kiyaye yatsunka da hannun riga.

Yanzu ga yadda zaka yi. Da safe inji a sanyi ka cika lagireton kansa har wuya, ka goge ko'ina da tsumma ya bushe, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, ka tayar ka barta a silo, wato tana aiki a tsaye ba ka taka totur ba, har fanka ta tashi, sai ka kashe ka ɗauko tocila. 'Yan mintunan nan na bayan kashewa sune lokacin kama ɓarawo, saboda ruwa ya daina zagayawa amma ƙarfe yana nan da zafinsa, firesha takan ɗan ƙaru. Kuma ba ruwa kaɗai zaka nema ba, ka nemi tabo, kulan, wato ruwan nan mai launi na sanyaya inji, in ya bushe yana barin wani farin gari ko ruwan hoda ko kore-kore a inda yake tsatsowa, wannan tabon baya ƙarya. Ka bi shi sama, kullum ka bi shi sama, domin inda yake ɗiga ba nan ne inda yake fita ba.

Ka fara da bakin hos na sama da na ƙasa, wajen kilif, wato ƙarfen da ke ɗaure bakin hos, nan ne aka fi samu. Ka matsa hos ɗin, in yayi taushi sosai ko ya kumbura kamar balan-balan kusa da kilif ko yayi tauri yana ƙas-ƙas, ya gama aiki. Daga nan ka duba lagireton, na motocin wannan zamanin tsakiyarsa alminiyam ne kai da gindi roba, an lanƙwasa haƙoran alminiyam sun riƙe robar da wani siririn zobe a tsakani, toh wannan layin haɗin yana tsatsa in ya tsufa, ita ma robar tana yin siririn tsagu kusa da wuyan hos ko wuyan murfi, in kaga baƙar robar ta koma ruwan ƙasa ta ƙone kenan. Sai gidan tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji yayi zafi, sai ƙananan hos guda biyu da suke shiga cikin mota ta bayan inji wajen hita, mutane suna mantawa dasu. Sai famfon ruwa, yana da wani ɗan rami a ƙasansa da aka yi musamman, in sil ɗin ciki ya mutu ta nan yake ɗiga, zaka ga layin tabo ya gangaro, wani lokacin har da ƙarar boris.

Maganar jarka da kace bata motsi kuma ita ce ta fi jan hankalina. A ƙa'ida in inji yayi zafi ruwa yana hawa cikinta, in ya huce ya zuƙo shi ya dawo. In akwai ɓula a wani waje iska zai zuƙa ta ɓular maimakon ruwan jarka, ko kuma ƙaramin bawul na murfin ya lalace. Don haka ka juya murfin ka duba robarsa, in ta tsage ko ta taurare ka canja, kuma ka sayi mai lamba ɗaya da naka, a kansa zaka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wasu 88 ko 108 kPa, abu ɗaya ne.

Je ka duba ka dawo mana da labari.

Tsohon Direba:

Sannu Oga Sifana, bayani ya fita. Ni dai a nawa sanin na tuƙin doguwar hanya, maganin toshe yoyon nan ba abin rainawa bane, ya sha fitar da mu daga daji inda babu gareji babu kowa, in ɓular ƙarama ce a jikin lagireto kana zubawa ka bar inji yayi zafi zata kama. Kuma mu da ruwa zalla muka saba, mota tayi shekaru tana aiki. Abin da zan ƙara maka ɗana shi ne in kana tafiya kaga geji ya nufi ja, ka kashe esi ka kunna hita har ƙarshe da fankarta ka sauke gilas, zata janye zafi daga inji har ka samu inda zaka tsaya, in bai sauka ba ka faka ka kashe kawai kar kace bari in ƙarasa. Kuma kar ka kwarara ruwan sanyi a injin da ya tafasa, kan silinda yana iya tsagewa, ka jira ya huce. Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba, in ruwa ya ƙare sosai geji yana iya sauka ya nuna maka lafiya alhali inji yana ƙonewa, saboda abin auna zafin babu ruwan da zai taɓa. In ka kunna hita kaji iska mai sanyi tana fitowa inji kuma da zafi, ruwa yayi ƙasa, tsaya.

Ɗalibin Inji:

Baba Direba Allah ya ƙara girma, maganarka ta hita da ta geji gaskiya ce tsantsa, amma ka yi min afuwa a kan ruwa zalla da maganin yoyo. A daji kam babu musu, duk abin da zai kai mutum gida a yi shi. Amma Baban Ummi motarsa tana ƙofar gida yana da lokaci. Shi maganin baya sanin wace ɓula ce ta yoyo wace ce hanyar ruwa, bututun cikin hita da na lagireto sirara ne ƙwarai, in tsohuwar mota ce da dama akwai datti sai ya ƙarasa toshe su, kuma baya kama hos ko tsagaggiyar roba ko sil ɗin famfo, wato ukun da aka fi zargi a nan.

Ruwa zalla kuma ya yi wa motocin da, masu kan silinda na baƙin ƙarfe da lagireton tagulla, sauƙi. Na yanzu alminiyam ne. A ɗauke zafi ruwa ma ya fi kulan, wannan gaskiya ne, amma kulan ba don sanyaya kawai ake zuba shi ba, akwai sinadaran hana tsatsa da cin ƙarfe a ciki, ruwan famfo ko na rijiya kuma yana barin farin dutse a bututu. Ruwa yana tafasa a digiri 100, haɗin rabi da rabi na kulan da ruwa yana kai wa wajen 107, in murfi yana riƙe firesharsa daidai sai ya haura 120, kuma baya daskarewa sai wajen 37 ƙasa da sifili ga masu zama a ƙasashen sanyi. Kun ga kenan murfin nan da ake rainawa ya fi kulan ɗin kansa ɗaga wurin tafasa, shi yasa ƙaramin yoyo yake sa geji ya ɗaga a cunkoso, firesha ce take zurarewa.

Baban Ummi in zaka sayi kulan ka duba littafin motarka, kar ka bi launi kawai, launi rini ne. Na Toyota mai dogon zango ruwan hoda ne kuma a haɗe yake zuwa ba a ƙara masa ruwa, na Honda shuɗi ne, na Volkswagen irin G12 da G13 hoda ne zuwa shunayya, amma sinadaransu ba ɗaya bane, kuma haɗa tsohon samfuri kore da na zamani yana rage ƙarfin kariyar, wani lokacin har yayi guda-guda. In wanda ka samu mai kauri ne da ake sirkawa, da tataccen ruwa zaka sirka, irin wanda ake ƙara wa batir, amma dan Allah ka karanta jikin robar ka tabbatar ba asid bane don sunansu yana rikita mutane.

Sannan in wani yace maka a cire tamostat a yar wai shine maganin obahitin, kar ka yarda. Aikinsa ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi yayi aiki, yawanci yana buɗewa tsakanin digiri 80 da 90, in babu shi inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta dinga ƙara fetur, ga saurin cin inji, yoyon kuma yana nan inda yake.

Maman Khalifa:

Ni ba makanikiya bace amma tunda a gida za a yi aikin kuma naga sunanka Baban Ummi, akwai yara kenan. Wannan ruwan mai launi guba ne, etilin gilaikol ne a ciki, kuma zaƙi gareshi ga launi mai ɗaukar ido, yaro zai iya ɗauka abin sha ne, kyanwa da kare ma suna lasa a ƙasa su mutu, ƙoda yake lalatawa. Kamfanoni da yawa suna sa masa abin ɗaci amma kar a dogara da wannan. Dan Allah ka tara shi a roba mai faɗi, ka juye a jarka mai murfi ka rubuta a jiki ka ɗaga sama, kar a zuba a robar ruwan sha ko ta lemo ko na minti ɗaya ne, wanda ya zube a ƙasa a zuba yashi a kwashe a wanke wajen, kar a tuttular a kwata ko kusa da rijiya. In Allah ya kiyaye yaro ya sha ko kaɗan ne asibiti kai tsaye, kar a jira alama, da farko yana iya zama kamar ba komai ko ɗan jiri da layi kawai alhali aiki yake yi a ciki.

Sannan ka taɓa kafet ɗin gaba ta ɓangaren fasinja, tawa motar ta nan nata yoyon yake, kafet a jiƙe da santsi gilas yana yin hazo ta ciki, ashe hita ce. Shi kuma ɗigon da kake gani wani lokaci ka taɓa ka shinshina, in fari ne tas babu santsi babu ƙamshi kuma ka kunna esi, ruwan esi ne wannan ba matsala bace.

Baban Ummi:

Alhamdulillah, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Oga nayi yadda kace kuma na kama shi. A bakin hos ɗin sama ne inda ya shiga lagireto, ta ƙasa inda ido baya gani sai da na sa madubi, farin gari ya taru a wajen, bayan na kashe mota naga ruwa yana tsatsowa a hankali yana bin jikin robar. Hos ɗin ya kumbura a wajen kilif, kilif ɗin kuma irin mai sukurun nan ne ya ci cikin robar. Robar murfi ma ta tsattsage. Kafet a bushe yake Maman Khalifa, kuma na ji gargaɗinki, yaran ba za su zo wajen ba. Yanzu Oga ya zan cire ba tare da na fasa wuyan lagireton ba, kuma ta yaya zan tabbatar gasket ɗin lafiya yake don hankalina ya kwanta?

Oga Sifana:

Madalla, wannan kam aikin gida ne. Ka sayi hos na ainihin motarka mai lanƙwasa iri ɗaya, da kilif biyu, da murfi, kuma in na ƙasa sa'ansa ne ka haɗa dashi tunda ruwan zaka zubar. Inji a sanyi, ka buɗe murfi, a gindin lagireto akwai ɗan makunnin roba na zubar da ruwa, da hannu ake kwance shi a hankali don yana karyewa, in hos ɗin sama kaɗai zaka canja ba sai ka zubar duka ba lita biyu ta isa, amma tunda ka daɗe kana ƙara ruwa kulan ɗin ya tsinke, gara ka zubar duka ka sa sabo, irin motarka bata wuce lita 5 zuwa 7.

Wajen cirewa ne ake ɓarna. Ka ja kilif baya, ka kama hos ɗin ka murɗa shi hagu da dama har ya saki, kar ka zura sukudireba ka banƙara, tsohuwar roba bata da haƙuri. In ya ƙi, tunda yarwa zaka yi, ka tsaga shi a tsaye da reza a hankali ka ɓare. Sai ka goge wuyan tas ka haska tocila ka duba shi da kyau ta ko'ina, nan ne gaskiyar take, in lafiya yake shikenan, in kaga tsagu ko bakin ya gutsure toh lagireto zaka canja, kar ka ɓata lokaci da gam, irin wannan robar bata riƙe gam ga zafi ga firesha, zai yi 'yan kwanaki ya saki kuma a hanya zai saki. Shi ma canjin lagireton mai canja fulogi zai iya, sai dai taka otomatik ce akwai ƙananan bututu biyu na man giya a gindinsa, ka toshe su in ka cire kuma ka auna man giya bayan ka gama.

Sabon hos ka jiƙa bakinsa da kulan ya shige, banda gris banda baƙin mai suna cin roba. Ka tura shi har ƙarshe, kilif ya zauna a bayan ɗan tudun da ke bakin wuyan ba a kansa ba. Ni na fi son kilif mai sifirin da ake matsawa da filaya, yana bin robar in ta buɗe in ta tsuke, in mai sukuru ka samu ka ɗaure daidai ya kama kawai, ka sake taɓa shi bayan mota tayi zafi ta huce.

Sai fitar da iska, kar ka tsallake wannan don iska in ta maƙale ita kanta tana kawo obahitin. Ka faka gaban motar ya ɗan fi bayan tudu, ka sa hita a zafi, ka zuba kulan a hankali kana matsa hos, in motarka tana da ɗan sukurun fitar da iska kusa da tamostat ka sassauta shi har ruwa ya fito babu kumfa. Ka tayar murfi a buɗe tun inji yana sanyi, zaka ga kumfa tana fitowa ruwa yana sauka kana ƙarawa, in hos ɗin sama da na ƙasa duk sun yi zafi hita tana busa zafi kumfa ta tsaya, ka rufe, ka cika jarka zuwa layin sama.

Gasket kuma ga alamunsa, farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda baya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, baƙin mai ya koma fari-fari mai kauri a jikin sandar awo, mai yana yawo a saman ruwan lagireto, kumfa da bata ƙarewa duk daɗewar da kayi kana fitar da iska, ko hos yayi tauri tun inji bai yi zafi ba, ko inji yana rawa da safe. Baka faɗi ko ɗaya ba. In kaga ɗaya daga ciki ka kai gareji a sa mata famfon gwajin firesha da ruwan gwajin hayaƙi, wannan ba na ƙofar gida bane don sai an sauke kan silinda an auna ko ya lanƙwashe.

Tsohon Direba:

Na karɓi gyaran Ɗalibi, a gida kam a yi abin da ya dace. Baban Ummi bayan ka gama ka dinga buɗe lagireton kansa da safe kafin ka tayar, na 'yan kwanaki, zai ɗan sauka sau ɗaya ko biyu saboda ragowar iska kar ka tsorata, ka ƙara kawai, in ya tsaya cak jarka kuma ta fara hawa da sauka toh aiki yayi. Ka kuma tsaya ka ga fanka tana tashi da kanta a silo, tunda kace geji yana ɗagawa a cunkoso, in bata tashi ka duba fiyus da rile kafin ka zargi fankar. Ragowar kulan ɗin ka rufe shi da kyau ka ajiye a but tare da filaya.